Idan Bindigar Toka Ta Ƙi Tashi: Jagora Ga 'Yan'uwa Mazauna Ikko

Duk wanda ya baro Arewa ya sauka Ikko, ko a Zangon Agege ko a Idi-Araba ta ƙasar Mushin, ba ya cika wata guda sai garin ya karantar da shi darasin da ba wanda ya gaya masa a tashar jirgi, watau cewa iskar wannan wuri jiƙaƙƙiya ce, har gishiri ya narke a cikin kwano, ashana ta ƙi kamawa, takalmin fata da aka tura ƙarƙashin gado ya yi furfura, allurar da ta kwana uku a jikin riga kuwa ta bar tabon tsatsa. To, abin da ya sami allura shi ke samun bindigar toka, sai dai allura in ta lalace asararta ba ta wuce anini, bindiga kuwa in ta lalace takan tafi da yatsu, ko ido, ko rai ɗungum. Na daɗe ina lura da cewa 'yan'uwanmu maharba da suke fita dazuzzukan wajen Otta da Ikorodu da Epe neman gada da gyazbi, galibinsu sun koyi riƙon bindiga ne a ƙasar da albarushi kan shekara cikin ƙahon sa bai ji komai ba, sa'an nan suka zo da waccan al'ada ƙasar da ruwan sama ke sauka tun daga Afrilu, ya tsananta a Yuni, ya ɗan sarara a Agusta, ya komo kuma a Satumba da Oktoba.

Ita wannan bindiga da ake ɗura wa ta baki, wadda muke kira bindigar toka ko adaka, Yarbawa maƙwabtanmu kuma suke ce mata sakabula, tsohuwar baƙuwa ce a ƙasashenmu. Sunayen kayanta ma sun nuna hanyar da ta fara biyowa, gama bindiga da albarushi da harsashi duk kalmomi ne da asalinsu Larabci. Tarihin Kano ya ambaci cewa Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa, Sarkin Damagaram Tanimu kuwa a ƙarni na 19 har igwa aka ƙera masa a Zinder. Ta gefen teku kuma fataken Turai suka yi ta sauke ta, har Ingilishi suka laƙaba mata sunan mutanen Danmak, waɗanda suke da ganuwar ciniki a Ankara, watau Accra. Da wakilan ƙasashen Turai suka yi taro a Burasal a 1890 suka ƙulla hana sayar wa baƙar fata bindigogin zamani, sai suka bar ƙofar wannan a buɗe, saboda haka ta zauna a hannun talaka har maƙeranmu suka iya ƙirarta.

Kafin a taɓa komai akwai sharaɗi biyu. Na farko na hukuma ne: dokar makamai ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1959, ta sa bindigar toka a cikin lissafinta, kuma ta hana ƙira da gyaran makami sai da izni, saboda haka mai ita ya je wurin 'yan sanda ya san matsayinsa, ya kuma kai gyaransa ga maƙerin da aka yarje wa. Na biyu na hankali ne, shi ne a ɗauki kowace bindiga a kan ɗurarriya ce har sai an tabbatar da akasin haka. Hanyar tabbatarwa kuwa ba wuya: ran da ka wanke ta ka san babu komai a cikinta, zura sandar ɗuri har ta taɓa ƙasa, ka yi wa sandar tsaga daidai bakin bututu. Daga ranar nan sandar ta zama shaidarka adali; in tsagar ta sauka daidai baki, ciki fayau yake, in ta tsaya sama da yatsa uku ko huɗu akwai ɗuri, in kuwa ta yi nisa fiye da yadda ka saba gani, to, ɗuri biyu ke nan aka yi ɗaya a kan ɗaya, kuma wannan gafala ta fasa bindigogi fiye da yadda tsufa ya fasa su.

Ƙin tashi iri-iri ne, kunne kuwa shi ke fara rarrabe su. Yawancin bindigogin da ke hannun mutanenmu yanzu masu hula ne, watau waɗanda ake kifa wa 'yar hular tagulla a kan wani ɗan tsini mai kafa, wanda zan kira nono a nan, guduma ta faɗa mata, wuta ta bi kafar ta iske albarushi. Wani limamin kirista ɗan Sikotlan, Alexander Forsyth, shi ya buɗe wannan hanya ta tayar da wuta da duka a 1807. To, in ka ja kunama, guduma ta faɗi, ka ji ƙwas kawai babu ƙara, aibin yana waje, tsakanin guduma da hula da nono. Mafi yawan lokaci hular ce ta sha danshi a aljihu, ko ba ta zauna sosai ba, har dukan farko ya ƙare a wajen zaunar da ita. In ka sauya hula daga busasshen gwangwani abin bai gushe ba, dubi kan nonon, gama yawan duka yakan baje shi kamar kan tsohuwar ƙusa, musamman a hannun wanda ya saba sakin guduma a kan nono tsirara don wasa. Dubi kuma cikin bakin gudumar, inda ɓarɓashin tsofaffin huluna kan taru ya zama matashi mai tausasa duka. In duk waɗannan lafiya suke, sai a tuhumi sifirin, wanda alamar gajiyarsa ita ce ka ji guduma tana ɗaguwa da sauƙi ƙwarai a ƙarƙashin babban yatsa. Wannan na ƙarshe aikin maƙeri ne, kuma kada ka yarda da mai cewa a ɗaura roba a taimaka masa.

In kuwa hula ta fashe, ka ji tas, amma bindiga ta yi shiru, to, ka shiga sa'ar da ta fi kowace hatsari a cikin wannan sana'a, kuma a nan nake so mai karatu ya dakata ya yi tadabburi. Albarushin da ya ji danshi ba kullum yake mutuwa ba; wani lokaci wuta takan kama gefensa tana ci a hankali kamar garwashi cikin toka, sa'an nan bayan numfashi biyar ko goma ta tashi gaba ɗaya. Mutum kuwa bisa ɗabi'arsa, da ya ga abu ya ƙi, sai ya sauke shi ya juyo da shi ya leƙa. Wajibi ne ka bar gindin bindiga a kafaɗarka, bakinta yana fuskantar inda ka nufa, ka ƙirga a ranka har minti guda ya cika, abokin tafiyarka kuma ya tsaya bayanka. Ina yaro a Idi-Araba akwai wani dattijo mutumin ƙasar Katsina, mai gadin wani sito, wanda hannunsa na hagu yatsa uku ne kawai a jiki. Ran nan na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, me ya sami hannun nan?" Ya ɗaga shi ya jujjuya kamar yau ya fara ganinsa, ya ce, "Ɗana, gaggawa ce ta ci su. Na harbi gada a damina, abu ya ƙi, na dafa bakinta zan jingine in sake hula, ashe ba ƙi ta yi ba, shawara take yi." Ya ce kwana biyu ɗurin ya yi a ciki, a ɗakin da bangonsa ke tsatsafo da ruwa.

Bayan an yi wannan jira, sai a nemi sababi, kuma galibi ba ya wuce uku. Ko dai kafar nono ta toshe da dauɗa, ko man da aka shafa wa bututu ya gangara ya taru a gindi ya jiƙa ɗurin, ko kuwa albarushin kansa ya lalace. Akwai na huɗu wanda ba mai son amsa shi, watau a manta da albarushin baki ɗaya a tura harsashi a kan wofi, abin da kan sami har gwanaye in ana hira lokacin ɗuri. Kafar nono ana buɗe ta da siririyar waya ta tagulla, domin ƙarfe a kan ƙarfe yana iya ba da tartsatsi. A gwada sabuwar hula sau ɗaya, ko sau biyu. In ta ƙi, a daina, a zare ɗurin. Hanyar zarewa kuwa ita ce a cire hula, a kwantar da guduma, a zuba ruwa ta baki da ta nono har albarushin ya jiƙe sharkaf ya mutu, a bar shi ya jima, sa'an nan a jawo abin da ke ciki da sanda mai murɗaɗɗen kai, fuska da ƙirji suna kauce wa bakin. Na ji ana cewa wai a sa gindin bututu a wuta don ɗurin ya fita da kansa. Fita kam zai yi, amma ba wanda ya san ta inda zai fita, kuma a gidan haya irin na Mushin, inda ɗakuna ke fuskantar juna, yara suna kai da kawowa a tsakani, wannan wauta ce da ta kusa zama ganganci.

Mai tsohuwar bindiga ta ƙanƙara, wadda dutse ke saran ƙarfe ya zubo da tartsatsi cikin ɗan kasko, mas'alarsa ba ta da nisa da wannan. In babu tartsatsi, dutsen ya dakushe ko ya yi sako-sako, ko fuskar ƙarfen ta yi santsi da mai. In kasko ya yi fuu ciki bai amsa ba, 'yar kafar gefe ce ta toshe. Irin wannan bindiga ta fi shan wahala a Ikko, domin albarushin kaskonta a fili yake, raɓar asuba kaɗai ta ishe shi.

Sai kuma tashin da bai cika ba, inda za ka ji ƙara mai rauni, buf, hayaƙi ya yi yawa, kafaɗa ba ta ji komai ba. Kada ka sake ɗuri sai ka zura sanda, gama mai yiwuwa ne harsashi bai fita ba, ya tsaya a tsakiyar hanya. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan duka ita ce, bututu ba ya jure abu biyu: toshewa a gaba, da sarari tsakanin albarushi da abin da aka ɗora masa. Wanda bai tura ɗurinsa ya zauna daram ba, da wanda ya yi tuntuɓe bakin bindigarsa ya cika da laka a fadamar Ikorodu bai duba ba, hukuncinsu ɗaya, bututu zai kumbura ko ya tsage. Shafa hannu a jikinsa daga gindi zuwa baki. In ka ji ƙulu, ko ka ga zobe mai duhu a ciki, ko tsaga ko da kamar gashi ce, wannan bututu ya gama aikinsa a duniya, kuma walda ba ta mayar da shi. Haka nan wanda aka yi da bututun ruwa mai ɗinki a tsawonsa, tun ran da aka ƙera shi yake jiran ranar da zai buɗe.

Game da ɗurin kansa ba zan faɗi awo ba, da gangan, domin kowane bututu da abin da yake ɗauka, wanda ya ƙera shi kuma shi ya san kaurinsa. Abin da zan ce shi ne awon ya zama ɗaya kullum, da ma'auni sananne, ba da tafin hannu ba, kuma tsohuwar bindiga ragi take bukata, ba ƙari ba. Kada a zuba daga babban ƙaho ko gwangwani kai tsaye cikin bututu, domin in akwai sauran garwashi daga harbin baya, wutar za ta hau har cikin abin da ke hannunka. A auna a ƙaramin ma'auni, a rufe babban, a kuma ɗan saurara tsakanin harbi da harbi. Busa baki a bututu da wasu ke yi don kashe garwashi al'ada ce da ya kamata a bari, tun da tana sa kan mutum daidai inda bai kamata ya kasance ba. Babban haramcin wannan babi kuwa shi ne farke harsashin bindigar zamani a juye garinsa cikin bindigar toka. Wancan gari, wanda wani masani ɗan Faransa, Paul Vieille, ya fito da shi a 1884, ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi, an kuma yi shi ne don ƙarfen da aka gwada a masana'anta. Kamannin ido kada ya ruɗe ka. Kan ashana da ake kankarewa shi ma haka, gama yana iya tashi tun sanda tana tura shi. Guntayen ƙusa da ƙwallayen ƙarfe na keke kuma suna karce ciki, suna kuma dawowa in sun bugi dutse ko icce mai tauri.

Akwai aibi guda da ya fi ƙin tashi muni, shi ne tashi ba da izni ba. In ka ɗaga guduma a bindigar da ka tabbata babu komai cikinta, ka tura ta da yatsa ta kuɓuce, ko ka bugi gindin da tafin hannu ta faɗi, to, haƙoran da ke riƙe ta a ciki sun cinye. Kada a ɗura wannan bindiga ko sau ɗaya kafin maƙeri ya gan ta. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, kuma kisan kuskure a shari'a yana da diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere. Wanda ya san kunamarsa ta lalace ya ci gaba da yawo da ita, ban san yadda zai kira abin da ya biyo baya kuskure ba. Tun da zance ya kawo mu ga fiƙihu, bari in ɗan ratse: littattafan farko irin su Risala an rubuta su tun ba a san bindiga ba, shi ya sa malaman Malikiyya na baya suka yi bincike a kan naman da harsashin darma ya kashe, Shehu Abdulƙadir al-Fasi na ƙarni na 17 kuma ya yi fatawa da halaccinsa, muddin an ambaci sunan Allah lokacin harbi. Wanda bindigarsa ta tashi da kanta kuwa, ai ko bisimilla bai samu yi ba.

Maganin mafi yawan abin da na lissafa wanki ne. Tokar da albarushi ke bari tana jawo danshi daga iska tana cin ƙarfe, a Katsina cikin mako, a Mushin cikin dare ɗaya. Ran da aka yi harbi, a ranar za a wanke, ko an dawo a gajiye: a zuba ruwan zafi ta baki har ya riƙa fita ta nono garau, a goge da tsumma har tsumma ya fito fari, a bar zafin ruwan ya busar da ƙarfen, sa'an nan a shafa man keken ɗinki kaɗan, ciki da waje. Man ja da ke ko'ina a kasuwannin nan bai dace ba, yakan daskare ya yi danƙo. A ajiye ta baki ƙasa don mai ya gangaro waje, nesa da bango da daɓe, ba a cikin kuben fata ba, kuma ba da ɗuri a ciki ba. Kafin ɗurin gaba a share man da busasshen tsumma. Albarushi da huluna kowanne da gwangwaninsa mai murfi, a kulle, nesa da risho da hannun yara, kuma kada a sayi fiye da abin da za a ƙarar kafin damina ta juyo. Albarushin da ya dunƙule ya yi gudaji, a jiƙa shi da ruwa a zubar, kada a shanya shi kusa da wuta.

Saura mas'ala guda da ake yawan kawo mini a asirce. Wani lokaci dattijo yakan rasu, a buɗe akwatinsa don rabon gado, sai a tarar da tsohuwar libarba naɗe cikin tsumma, irin ta Webley da sojan Ingila suka fara riƙewa a 1887, ko wata mai kama da ita, tare da 'yan harsasai da suka yi kore. Magada sai su ce a nemo mai gyara, wani ma ya ce ya san mai cika tsofaffin kwanso da hannu. Ita libarba, tun da Samuel Colt na Amurka ya yi rajistar ƙirarsa a 1836, asirinta ɗaya ne, watau tulun nan mai juyawa ya tsaya cif, raminsa ya daidaita da bututu, a daidai lokacin da guduma ke faɗuwa. In haƙoran da ke juya shi da ɗan ƙarfen da ke kulle shi suka cinye, harsashi yakan bugi gefen bututu ya fesa ɓarɓashin darma ga wanda ke tsaye kusa. Harsashin da aka cika da hannu ba ma'auni kuwa, in garinsa ya gaza sai ya maƙale a bututu na bayansa ya iske shi, in ya yi yawa sai tulun ya tsage a tafin mai harbi, in kuma bakin kwanson bai kama shi da kyau ba sai ya zamo gaba ya hana tulun juyawa. Ido kuma ba ya gane ko ɗaya daga cikin ukun kafin a ja kunama.

Na bayyana wannan ne don a san girman abin, amma babu gyaran da zan koyar a kansa, domin dokar da na ambata, kamar yadda take a yau, ta sa libarba da kowace ƙaramar bindigar hannu cikin makaman da aka haramta wa jama'a, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izninsu, kuma riƙe ta ba izni laifi ne mai kai mutum kurkuku. Wanda ya tarar da ita a kayan gado kada ya gwada ta, kada ya ba yara su gani, kada kuma ya ɗauke ta ya shiga mota da ita shi kaɗai. Ya bar ta inda take a kulle, ya sanar da Sarkin Hausawan unguwarsa ko limami, su raka shi ofishin 'yan sanda a ba da labari, a zo a ɗauka, ya kuma karɓi takardar shaida ya ajiye tare da takardun gadon.